Ina na'urar take kwana?

Kimanin shekara shida ke nan ina aikin agaji a Jihar Sakkwato, kuma mafi yawan wannan lokaci na yi shi ne a matsayin mai ɗaukar bayanan magidanta, wato ɗaya daga cikin samarin nan da ake gani sanye da 'yar riga mai tambarin ƙungiya, suna bi gida-gida da kwamfutar hannu suna tambayar mutane sau nawa suka ɗora tukunya jiya. Wanda bai taɓa yin aikin ba yakan ɗauka cewa wahalarsa tana wurin lodin buhuna da sauke su a cikin zafin watan Afrilu. Mu da muke ciki mun san cewa buhu ba ya hana kowa barci. Abin da yake hana barci shi ne jerin sunaye, domin kayan ba su taɓa isar kowa da kowa ba, kuma duk sunan da aka rubuta yana nufin akwai wani da aka bari a waje. A 'yan shekarun nan an fara miƙa wani ɓangare na wannan hukunci ga abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira, wadda 'yan boko suke taƙaitawa da AI, kuma a kan haka nake son in faɗi abin da na gani da idona da abin da na fahimta daga baya.

A da, idan mun gama zagaye mun tura bayanai, sai a zauna da kwamitin gari, wato mai unguwa da liman da shugabar mata da wakilin matasa, a bi sunaye ɗaya bayan ɗaya. Ba zan yi wa wannan hanya kwalliya ba. Na sha ganin mai unguwa ya cusa surukansa da masu yi masa aikin gona, na kuma ga mutumin da ya yi rajista da safe sanye da hula, ya dawo da la'asar da rawani da sabon suna. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, domin mu ma'aikata ma idan rana ta yi zafi mukan cike wasu gurabe da ka don mu gama mu tafi. Saboda haka lokacin da ƙungiyar da nake yi wa aiki ta kawo wata manhaja da aka ce za ta riƙa gano sunayen da aka maimaita, ta kuma auna gidaje ta jera su daga mafi buƙata zuwa mai dama-dama, ina cikin waɗanda suka yi murna. Na ce a raina, ga alƙalin da ba shi da suruki a garin.

Ranar da na fara shakka, muna rabon katin tallafi ne a bakin wani kango da ke bayan garin Sakkwato, inda mutanen da suka gudo daga yankin Sabon Birni saboda 'yan bindiga suke fakewa. Mun shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaro, muna kiran suna ana miƙa kati. Wata dattijuwa ta zauna tun hantsi da jikokinta huɗu, har aka yi azahar ba a kira ta ba, kuma na tuna sarai ni da hannuna na yi mata rajista makonni uku da suka wuce. Da na duba kwamfuta sai na tarar an haɗe bayaninta da na wata mata, an rubuta cewa mutum ɗaya ce ta yi rajista sau biyu. Matar kuwa faccalarta ce, suna zaune a ɗaki ɗaya na kangon. Sunan yankansu ɗaya, kamar yadda a kowace unguwa za ka sami Hauwa'u goma da A'isha ashirin. A gurbin suna na biyu dukansu sun ba da sunan surukinsu, tsohon da gidan yake amsa sunansa. Ƙauyensu ɗaya. Babu mai takardar haihuwa a cikinsu, kuma kowace ta ce an haife ta wajajen shekarar da aka kashe Sardauna, don haka muka rubuta musu 1 ga Janairu, 1966, kamar yadda muka saba yi wa duk wanda bai san ranarsa ba. Lambar wayar da suka bayar ta wani yaro ce ɗan ɗan'uwansu, wanda shi kaɗai ke da waya a cikin mutum fiye da ashirin. Abin da zai raba gardama shi ne zanen yatsa, to ita dattijuwar yatsunta sun side saboda shekaru na surfe da daka, ga kuma lalle, na'urar ta ƙi ɗauka, muka bar gurbin babu komai. Manhaja ta duba ta ga suna ɗaya, gari ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, waya ɗaya, sai ta riƙe mai zanen yatsa ta share ɗayar.

Na durƙusa kusa da ita na ce, "Inna, ki yi haƙuri, na'ura ce ta cire sunanki." Ta dube ni na ɗan lokaci, sannan ta ce, "To ɗana, ita na'urar ga ina taka kwana? Ka kai ni in gaishe ta, in gaya mata ni daban, faccalata daban." Samarin da ke tsaye suka yi dariya. Ita ba ta yi ba, domin tambaya ta yi ta gaskiya, kuma ba ni da amsarta. Abin da ya fi damuna a hanyar gida shi ne yadda maganar ta fito daga bakina ba tare da nauyi ba, kamar mai cewa hadari ne ya hana zuwa. Na fake a bayan na'ura, kuma na ji daɗin fakewar.

Gyaran ya ɗauki mako biyar, kuma a cikin wannan lokaci zagaye ɗaya na tallafi ya wuce ta, sai faccalar ce ta raba nata kashi biyu, baki goma sha biyu suka ci abin da aka auna wa bakwai. Na rubuta wa shugabana, shi ya rubuta wa mai kula da bayanai a Abuja, shi kuma ya ce sai ya tuntuɓi waɗanda suka haɗa manhajar. A kan takarda babu wanda ya yi laifi: ni na rubuta abin da aka faɗa mini, manhaja ta yi abin da aka koya mata, mai amincewa da jerin ya sa hannu a kan sunaye dubbai da bai isa ya karanta su duka ba. A tsohon tsarinmu, duk da ɓarnar da ke cikinsa, zalunci yana da ƙofar gida. Idan mai unguwa ya cire ki, kina iya zuwa wurin hakimi, idan hakimi bai saurare ki ba akwai uban ƙasa, kuma ko ba a share miki hawaye ba, wanda ya cuce ki zai haɗu da ke a wurin suna ko jana'iza ya sunkuyar da kai. Wannan kunyar haɗuwa ita ce ta daɗe tana taka wa masu rabo birki a ƙasar Hausa, kuma ita ce abu na farko da yake ɓacewa idan aka ce na'ura ta yanke.

Kada a ɗauka ina gaba da fasahar ne. Duk wanda ya girma a Sakkwato yana tuna ambaliyar watan Satumba na 2010, lokacin da ruwan da ya malalo daga madatsar Goronyo ya bi Gulbin Rima ya cinye gonaki da gidaje, ya kuma karya gadar da ke kan hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo, har ɗalibai da malamai suka koma tsallakawa da kwalekwale. Manoman fadama da yawa sun kwanta da shinkafarsu ta kusa yanka, suka wayi gari ba su ganin ko kunyar gona. Yau kamfanin Google yana da tsarin hasashen ambaliya da yake amfani da ƙirƙirarriyar basira, wanda yake iya nuna cikar kogi har kwana bakwai kafin ta zo, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashen da ya shafa. Hukumominmu na NiMet da NIHSA su ma suna fitar da hasashen damina da na ambaliya kowace shekara. A Jihar Adamawa, a 2022, ƙungiyar agaji ta IRC ta gwada bai wa manoma kuɗi kafin ruwa ya iso bisa dogaro da hasashe, domin mutum ya girbe abin da zai girbu, ya kwashe awakinsa zuwa tudu, maimakon a jira sai ya rasa komai sannan a kawo masa tabarma da bokiti. Wannan amfani ne da ba ni da ja a kansa, sai dai in ƙara da cewa hasashen da ya tsaya a allon kwamfutar wani ofis bai ceci kowa ba. Sai ya bi ta gidan rediyon Rima, da lasifikar masallaci, da bakin sarkin ruwa da mai shela, kafin manomin Wurno ko Kware ya san cewa da shi ake.

Bambancin da na gano tsakanin wannan da abin da ya sami dattijuwar nan shi ne, a nan na'ura tana magana ne a kan kogi, a can kuwa tana yanke hukunci ne a kan mutum. Kogi ba ya jin kunya, ba ya ɓoye halinsa, ba ya aron wayar maƙwabci. Idan hasashen ruwa ya kuskure, asarar ita ce an yi ƙaura a banza ko an raba kuɗi da wuri. Idan awon talauci ya kuskure, yaro ne zai kwana da yunwa, kuma babu wanda zai sani, domin wanda aka cire daga jeri ba ya fitowa a cikin rahoto.

Misalin da masu kawo mana waɗannan manhajoji suka fi ambata shi ne na ƙasar Togo. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnatin ƙasar ta kafa wani shirin tallafin kuɗi ta waya mai suna Novissi, kuma da haɗin gwiwar ƙungiyar GiveDirectly da masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli, aka yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam wajen gano yankunan da suka fi talauci, sannan aka duba yadda mutane suke amfani da wayoyinsu, yawan kira da tsawonsa da kuɗin da suke turawa, domin a ƙiyasta wane ne talaka. Sakamakon da aka wallafa a mujallar Nature a 2022 ya nuna cewa hanyar ta rage yawan mabuƙatan da ake tsallakewa da kashi 4 zuwa 21 cikin 100 idan aka kwatanta da zaɓen yanki kawai. Wannan rabin ne ake karanta mana a wurin taro. Ɗaya rabin, wanda yake cikin binciken shi kansa, shi ne cewa idan aka kwatanta da cikakkiyar rajistar gidaje, hanyar wayar tana ƙara yawan waɗanda ake tsallakewa da kashi 9 zuwa 35 cikin 100. Masu binciken sun faɗi gaskiya, sun gabatar da ita a matsayin mafita ta gaggawa a inda babu rajista. Masu tallarta ne suke mayar da ita maganin kowace cuta.

A ɗauko wannan hanya a kawo ta gabashin Sakkwato a gani. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar nan domin yaƙi da 'yan bindiga, bayan an yi irin haka a Zamfara. Duk manhajar da ta koyi halin talaka daga bayanan waya na wancan lokaci, to a wurinta mutanen da suka fi kowa shan wuya ba su ma wanzu ba. Ko da layi yana aiki, a ƙauyukanmu waya galibi tana hannun maigida ne, matar da mijinta ya mutu ko ya tafi cin rani Legas sai ta yi aro, wasu kuma an ƙwace musu wayoyin a hanya. Hoton sama shi ma yana da nasa makanta. Yana ganin rufin kwano ya ce wadata, yana ganin bukkar kara ya ce talauci, alhali kangon da na ambata rufin kwano ne da shi, a tsakiyar unguwar masu hali, kuma gida takwas ne suke kwana a ƙarƙashinsa ba ƙofa ba taga. Can a ƙauyen da suka baro kuwa, ɗakuna da rumbuna suna nan tsaye a hoto, babu kowa a ciki sai ƙadangaru.

Akwai kuma abin da ko mu da muke tsaye a gaban mutum muke kasa gani. Bahaushe mai mutunci, musamman dattijo, ba zai faɗa a gaban maƙwabtansa cewa jiya ba a hura wuta a gidansa ba. Ka tambaye shi, sai ya ce, "Alhamdu lillahi, muna cikin rufin asiri." Na taɓa yi wa wani tsohon malamin allo rajista, ya fito da farar riga wankakkiya ya amsa kowace tambaya da godiya ga Allah, manhaja ta jefa shi can ƙasan jeri, sai liman ne ya ja ni gefe ya ce kwana biyu ke nan almajiransa ne suke rago masa abin da suka samo. Alƙur'ani ya riga ya siffanta irin waɗannan a aya ta 273 ta Suratul Baƙara, inda ya ce wanda bai san halinsu ba yana zaton mawadata ne saboda kamun kai, ba sa naci wurin roƙon mutane. Masu rabon zakka na gargajiya da kwamitocin gundumomi na Hukumar Zakka da Waƙafi sun san da wannan, shi ya sa suke tambayar maƙwabta a asirce. Manhaja kuwa abin da aka rubuta kawai take ci, kuma tana saka wa wanda ya iya kuka, tana hukunta mai kawaici. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma babu adadin lissafin da zai maye gurbin liman ɗin nan da ya ja ni gefe.

Sai maganar harshe, wadda take ba ni dariya da takaici a lokaci guda. Muna da layin karɓar koke, kuma da saƙonni suka yi yawa aka fara bi da su ta wata manhaja da take rubuta muryar, ta fassara, ta rarraba su sashe-sashe. Hausar da ta koya ta jaridu da intanet ce, wadda ta fi kusa da ta Kano. Mu kuwa a nan muna cewa "munka tahi" da "lahiya" da "mi kaka so", kuma idan mace ta ce "ɗiyana", dukan 'ya'yanta take nufi maza da mata, amma manhaja sai ta mayar da su 'yan mata zalla. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne saƙon wata uwa da take neman kuɗin mota ta kai ɗanta asibitin noma. Duk Basakkwace ya san asibitin yara na cutar noma da ke cikin garin nan tun 1999, wanda ƙungiyar likitoci ta MSF take tallafa wa tun 2014, ya kuma san cewa cuta ce mai cin baki da fuskar yaro cikin 'yan kwanaki, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kashe kusan tara cikin goma idan ba a yi magani ba, ta kuma saka ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disamba 2023. Manhaja ta ga kalmar "noma" ta tura saƙon ga jami'in harkar gona da kiwo, ya kwana biyu a cikin koke-koken taki da iri kafin wani abokin aikina ya ci karo da shi. Ba a ma zo kan masu magana da Fulatanci da Zabarmanci ba, waɗanda su ma suna cikin mutanen da muke yi wa hidima.

Duk da haka, abin da na fi jin tsoro ba kuskuren na'ura ba ne, inda bayanan suke zuwa ne. A yankin da 'yan bindiga suke ɗora wa ƙauyuka haraji, suke kuma da infoma a kasuwa da tasha, jerin da yake ɗauke da sunan mutum da lambar wayarsa da inda yake kwana da ranar da kuɗi za su shigo masa ya fi makami haɗari. Kuma manhajojin nan ba sa ƙoshi da bayanai, kullum ana ce mana a ƙara tambaya ɗaya, a ɗauki hoto, a ɗauki maƙalar wurin da gidan yake, wato lambobin da suke nuna shi a taswira, domin hasashe ya ƙara kyau. A Janairu 2022 Kwamitin Red Cross na Duniya, wanda ba a raina shi wajen tsare sirri, ya sanar cewa an yi kutse a rumbun bayanansa, an kai ga bayanan mutum fiye da 515,000, cikinsu har da waɗanda yaƙi ya raba da iyalansu da waɗanda ake tsare da su. A 2021 kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta ce bayanan 'yan gudun hijirar Rohingya da UNHCR, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira, ta tattara a Bangaladash sun isa hannun gwamnatin Miyanma, wato gwamnatin da suka gudo daga gare ta, ba tare da mutanen sun fahimci hakan zai faru ba. Hukumar ta ce ta nemi izininsu. To, a nan ne nake tsayawa, domin na san yadda ake neman izini a bakin layin rabo. Ni kaina na karanta wa ɗaruruwan mutane takardar neman amincewa, kuma ban taɓa ganin wanda ya ce a'a ba. Mace mai goyon yaron da tef ɗin awon damtse ya nuna ja, ƙasa da santimita 11.5, alamar tamowa mai tsanani, za ta dangwala yatsa a kan kowace irin takarda. Wannan ba yarda ba ce, yunwa ce take sa hannu.

Mutanen Arewa suna da dalilin yin taka-tsantsan da duk wani sabon abu da aka fara gwadawa a kan marasa ƙarfi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya shafi yara kusan 200, inda 11 suka rasu, iyaye kuma suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba. Shari'ar ta ɗauki shekaru, amma babbar asarar ita ce ta amana, domin lokacin da wasu jihohi suka dakatar da rigakafin shan inna a 2003, labarin Trovan yana cikin abin da mutane suke kafa hujja da shi, kuma yaran da ba su ji ba su gani ba ne suka shanye. Idan wata rana aka wayi gari an ji cewa jerin sunayen wata ƙungiya ya faɗa hannun ɓarayin daji, ba wannan ƙungiyar kaɗai za a rufe wa ƙofa ba, har da mai allurar rigakafi da mai awon tamowa.

Dole in haɗa da kaina a nan. Akwai daren da rahoto ya matse ni, na kwafi bayanan gidaje kusan arba'in, da sunayensu da ƙauyukansu, na zuba a cikin ɗaya daga manhajojin hira irin su ChatGPT na ce ta tsara mini taƙaitawa da Turanci mai kyau. Ta tsara, shugabana ya yaba. Sai daga baya na zauna na tuna cewa mutanen nan ni suka ba amana, a bisa alƙawarin da na karanta musu da bakina, kuma na miƙa ta ga wani rumbu a wata ƙasa don kawai in yi barci da wuri. Na san ba ni kaɗai ba ne a cikin ma'aikatan fili. Tun daga ranar, idan zan nemi taimakon irin wannan manhaja sai na cire suna da gari da lamba, kuma duk adadin da ta rubuta sai na koma na duba shi da kaina, domin na kama ta tana ƙirƙiro lissafin da ban ba ta ba, cikin Turanci mai santsi da ba ya nuna alamar shakka.

Dokoki da ƙa'idoji suna nan a rubuce. A Nuwamba 2021 ƙasashe 193 na hukumar UNESCO sun amince da shawarwari kan ɗa'ar ƙirƙirarriyar basira. A Yuni 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta ba mutum haƙƙin sanin abin da ake yi da bayanansa, da neman a gyara ko a share su, da kuma ƙin yarda a yanke masa hukunci mai nauyi ta hanyar na'ura kaɗai ba tare da sa hannun ɗan'adam ba. Ke nan tambayar da dattijuwar nan ta yi mini haƙƙinta ne a doka, ko da yake ba ta taɓa jin sunan dokar ba. Matsalar ita ce iska tana kaɗawa ta ɗaya ɓangaren. Tun da Amurka ta dakatar da mafi yawan tallafinta na ƙasashen waje a farkon 2025 ta kuma rushe hukumar USAID, ƙungiyoyi suna rage ma'aikata, kuma waɗanda ake fara sallama su ne irinmu masu zaman tabarma da kwamiti, domin manhaja ba ta neman kuɗin mota ko na kwana. Na fahimci halin da shugabanni suke ciki, kuɗi sun ragu kuma mabuƙata sun ƙaru. Amma ina ganin idan har za a rage wani abu, to bai kamata ya zama mutumin da ake iya zuwa wurinsa da kuka ba.

Bayan abin da ya faru mun yi ta kai ruwa rana a ofis, kuma an sauya wasu abubuwa. Yanzu manhaja ba ta share suna, sai dai ta yi masa alama, a buga sunayen masu alamar a takarda, ɗayanmu ya koma da ƙafarsa ya gani, sannan ya rubuta sunansa da sa hannunsa a gefen duk wanda aka cire, da dalili a cikin Hausar da za a iya karanta wa mai shi. Mun ƙara gurbin da ake nuna cewa waya ta aro ce, da gurbin da ake nuna cewa shekarun ƙiyasi ne, abubuwa biyu ƙanana da da an tambaye mu tun farko da mun faɗa cikin minti biyar. Mun daina ɗaukar maƙalar gida ɗaya-ɗaya a wuraren da ake fama da hare-hare, sai ta unguwa. Saƙonnin koke da suka shafi lafiya kuma mutum ne yake fara sauraren su da kunnensa. Aikin ya ƙara jinkiri, kuma akwai wanda ya ce mun mayar da mota amalanke. A zagayen farko bayan sauyin, cikin sunayen da manhaja ta yi wa alama mun sami waɗanda da gaske sun yi rajista sau biyu, har da wani mai POS da ya shigar da kansa a matsayin ɗan gudun hijira, mun kuma sami tagwaye, da kishiyoyi, da uba da ɗa masu suna ɗaya.

Dattijuwar ta karɓi katinta a zagaye na gaba. Da na miƙa mata ta juya shi ta duba hotonta, ta ce, "Ɗana, kun dai gaya mata ko?" Na ce mun gaya mata, Inna. Da damina ta faɗi ita da faccalarta suka tattara jikoki suka koma wajen 'yan'uwansu a Gwadabawa, inda aka ba su aron gona, kuma yaron mai wayar ya sauya layi. Hotonta da sunan ƙauyenta da adadin marayun da take riƙo suna nan a cikin rumbun bayanai, duk da cewa shirin da aka ɗauke su dominsa ya ƙare. Wata biyu da suka wuce na rubuta takarda ina tambayar ranar da za a share su, an amsa mini cewa an tura ta ga sashen da abin ya shafa.